Hoto ya koma baƙi da fari da na haɗa DVD da sabuwar filasma, wai idon ne ya mutu?

Tambaya: Na sayi sabuwar filasma, na haɗa ta da DVD ɗin da muka daɗe muna kallo da shi a gida. Murya tana fita tangaran, amma hoton babu kala, baƙi da fari kawai. Akwai kuma wani faifai da ƙanena ya aiko daga Amurka, shi tun a tsohon talabijin ɗinmu in an saka sai hoton ya riƙa gudu yana hawa sama. Wani ya ce mini idon DVD ɗin ne ya mutu, in kai a canja. Haka ne?

Amsa: Malam, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Idon da ya mutu ba ya cire wa hoto kala, kuma ba ya sa shi gudu. Tun zamanin da kaset ɗin bidiyo ke tashe nake gyaran rediyo da talabijin, kuma da yawa daga cikin na'urorin da ake kawo mini da sunan "ido ya mutu" idon nasu lafiyarsa lau.

Aikin ido guda ɗaya ne. Ya haska faifai, ya ɗebo lambobin da aka rubuta a jikinsa, ya miƙa wa ƙwaƙwalwar na'urar. Ko ya ɗebo, ko ya kasa. Bai san ja ba, bai san kore ba. Kala sai daga baya ake haɗa ta a kan allon da ke cikin na'urar, sannan a turo ta cikin waya zuwa talabijin. Shi ya sa in ido ya yi rauni alamunsa daban suke: hoto ya tsaya cak, ko ya farfashe ya zama 'yan ƙananan akwatuna kamar an shimfiɗa tayil, murya ta riƙa sarƙewa, fim ya yi tsalle, ko na'urar ta yi ta juya faifai tana ƙugi daga ƙarshe ta rubuta NO DISC. Kai kuwa ka ce murya tangaran take, fim yana tafiya. To idon yana aikinsa. An bar jaki ne ana dukan taiki.

Ga abin da nake fara yi wa kowace na'ura kafin in ɗauki sukundireba. Cire faifan gaba ɗaya, ka rufe tiren, ka dubi abin da ya fito a talabijin. Za ka ga tambarin kamfani, yawanci a kan shuɗin bango. Wannan hoton daga cikin ƙwaƙwalwar na'urar yake fitowa, ido bai taɓa shi ba, faifai ma haka. Idan shi ma ya fito ba kala, to matsalar tana tsakanin bayan na'urar da talabijin, wato waya, ko rami, ko saiti. Idan kuwa tambarin ya fito garau da kalarsa, sai an saka faifai abin ke lalacewa, to a nemi laifin a wajen faifan ko irin tsarin da aka buga shi da shi. Gwajin bai kai minti ɗaya ba, amma ya raba maka matsalar gida biyu. A taka tambayar ma matsaloli biyu ne daban-daban, na filasma daban, na faifan ƙanenka daban.

Mu fara da filasma. Juya ta ka haska bayanta da tocilar waya, don rubutun wurin ƙanana ne ƙwarai.

Tsohon talabijin ɗinka mai ƙeya ramuka uku gare shi: rawaya, fari, ja. Rawaya ita ke ɗauke da hoto, haske da kala duk a cakuɗe cikin waya ɗaya. Fari da ja murya ce, hagu da dama. A filasma kuwa sau da yawa za ka tarar da ramuka biyar a jere: kore, shuɗi, ja, sannan fari da wani jan. A samansu an rubuta COMPONENT, ƙarƙashin ukun farko kuma Y da Pb da Pr. A wannan tsarin an rarraba hoton ne kashi uku. Kore tana ɗauke da haske da duhu kaɗai, wato ainihin hoto baƙi da fari. Shuɗi da ja su ke kawo kala. Mutum ya zo da wayarsa rawaya, ya duba bai ga rami mai irin launinta ba, sai ya cusa ta a kore tunda ita ce ta fi kusa. Talabijin ya karɓi hasken, ya juya yana jiran kala daga ramuka biyun da ba a saka musu komai ba, bai samu ba, sai ya nuna maka abin da ya samu. In ka matsa kusa da gilashin za ka ga wasu ɗige-ɗige ƙanana sun rufe hoton kamar kana leƙe ta cikin gidan sauro. Wannan ita ce kalar da ke cikin wayar, talabijin bai gane ta ba, ya ɗauke ta a matsayin haske.

Abin da ke ƙara rikita mutane shi ne, kamfanoni da yawa don su rage ramuka sai suka sa koren nan yana aiki biyu. Za ka ga bakin ramin rabi kore rabi rawaya, ko an rubuta Y/VIDEO, ko AV IN a gefe. In haka naka yake, to wurin da ka saka wayar daidai ne, zaɓin ne bai yi ba. Ɗauki rimot ɗin talabijin, danna SOURCE ko INPUT, ka sauka daga COMPONENT ka zaɓi AV. Ina kyautata zaton a nan taka matsalar za ta ƙare.

Akwai wani dattijo da ya taɓa kawo mini filasma inci 32 a naɗe cikin bargo, ya ɗauko shatar adaidaita sahu tun daga bayan gari, jikansa na rungume da DVD a cinya. Ya ce shagon da ya saya sun cuce shi, sun ba shi mai baƙi da fari a wannan zamani. Muka jona, na karɓi rimot na danna sau biyu, kala ta dawo. Ya yi shiru yana kallon talabijin, ya kalle ni, ya ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan, Baba. Ban karɓi ko sisi ba, amma har ya fita yana mitar kuɗin adaidaita.

Idan ita ma na'urar DVD ɗin tana da kore da shuɗi da ja a bayanta, ka nemi waya mai baki biyar ka haɗa su kai tsaye, don hoton ya fi na rawaya tsabta nesa ba kusa ba, musamman rubutu da gefen fuskoki. Sai dai a kula da jajayen nan biyu, ɗaya na hoto ne, ɗaya na murya. In ka musanya su, fuskokin mutane za su rasa jini su koma kore-kore, sifika ɗaya kuma ta riƙa ƙugi. In shuɗi da ja ka musanya, kowa a fim ɗin zai koma shuɗi kamar an tsoma shi a marinar Ƙofar Mata. In kore ce ba ta zauna ba, hoton ma ba zai fito ba sam, domin a cikinta ne alamar da ke daidaita layuka take. Kuma ka shiga SETUP na na'urar, wajen VIDEO OUTPUT, ka tabbatar yana kan YUV ko COMPONENT. In yana kan RGB alhali ka haɗa ta wannan hanyar, hoton zai rine ya koma ruwan hoda ko kore.

Ita kanta wayar ma abar zargi ce, kuma gwada ta ba ya buƙatar sayen wata. Wayoyin nan uku da ke zuwa a manne, irin na kasuwa, cikinsu iri ɗaya ne, launin baki ne kawai ya bambanta su. Zare rawayar, ka ɗauki jar ka saka ta a ramin hoto ta ɓangaren na'ura da ta ɓangaren talabijin. In hoto ya gyaru, rawayar ce ta tsinke, kuma kusan kullum a wuyan bakin take tsinkewa, inda ake lanƙwasa ta a jikin bango. In kuwa sai ka riƙe bakin wayar da hannu ko ka danna shi gefe hoto ke zuwa, ka saki ya ɗauke, to dalmar ramin ce ta saki daga kan allo. Aikin minti biyar ne a wurin mai gyara, kada wani ya ce maka allon ne gaba ɗaya.

Wasu filasmomin ba su da manyan ramukan nan ko ɗaya, sai wani ɗan ƙaramin rami irin na abin sauraro na kunne da aka rubuta wa AV, da 'yar gajeriyar waya mai baki uku da ke zuwa cikin kwali. Mutane suna yar da ita tare da kwalin, daga baya su sayi wata a kasuwa ta ƙi aiki. Dalili kuwa kamfanoni ba su haɗu a kan jerin ƙafafun da ke jikin bakin ba. In ka sayi irin wannan ta ƙi, gwada saka hoton a bakin ja ko fari maimakon rawaya, sau da yawa a can ya ɓuya. In duk ukun sun ƙi, sai dai a nemo ta irin talabijin ɗin.

Masu talabijin 'yan Beljiyam kuma suna da nasu ciwon kan: faffaɗan ramin nan mai ƙafa 21 da ake kira SCART, wanda asalinsa daga Faransa ne. Ana sa masa wani ɗan toshe mai ramuka uku don a haɗa wayar rawaya. A jikin toshen akwai ɗan makunni mai IN da OUT. A bayan talabijin dole ya zauna a IN, in ba haka ba allon zai tsaya baƙi. Kuma irin waɗannan talabijin sukan raba tashar AV gida biyu, ta biyun da harafin S a gabanta ko a bayanta. In ka faɗa mai S ɗin da waya rawaya, baƙi da fari za ka gani. Ƙara danna AV sau ɗaya.

Yanzu faifan ƙanenka. Wannan tsohuwar rigima ce da ta girmi DVD, tun lokacin da ƙasashe suka kasa haɗa kai a kan yadda za a aika hoto mai kala. Najeriya da Ghana da Ingila da Jamus sun ɗauki tsarin PAL: layi 625, cikakken hoto 25 a daƙiƙa, ana turo shi rabi-rabi sau 50. Amurka da Kanada da Japan sun ɗauki NTSC: layi 525, hoto kusan 30 a daƙiƙa, rabi-rabi kusan sau 60. Bambancin ya samo asali ne daga wutar lantarki, tamu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60. Inda ake ɓoye kala a cikin siginar ma ba ɗaya ba ne, PAL a megahaz 4.43, NTSC a 3.58. To tsohon talabijin da PAL kaɗai ya sani, in aka turo masa NTSC, zai nemi kala a inda ya saba ya rasa, ga kuma hotuna suna zuwa da saurin da ya fi ƙarfinsa, sai ya kasa riƙe su. Gudun nan da kake gani yana hawa sama ke nan. 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa, gidajen talabijin ɗinsu sun bi tsarin Faransa ne, SECAM. Ba a buga faifan DVD da SECAM, irin na PAL ake kai wa ƙasashen, don haka tsohon talabijin da SECAM kaɗai ya iya shi ma baƙi da fari zai nuna, ko da faifan lafiyarsa ƙalau.

Maganin yana cikin SETUP na na'urar. Nemi TV SYSTEM ko TV TYPE, za ka ga zaɓi uku: PAL, NTSC, da AUTO, wasu su rubuta MULTI. Mutane suna son AUTO saboda sunan ya yi kama da wanda zai gyara komai da kansa, alhali abin da yake nufi shi ne duk abin da faifai ya zo da shi a miƙa wa talabijin haka nan. Ga tsohon talabijin ka zaɓi PAL, na'urar za ta juya faifan Amurka ta mayar da shi irin namu kafin ta turo. Za ka iya lura da ɗan tsalle-tsalle kaɗan in kyamara tana juyawa gefe, wannan ladan juyin ne, ba lalacewa ba ce. A filasmar da aka yi don kasuwarmu AUTO ya wadatar, yawancinsu suna cin duka biyun. Ka kuma duba rimot ɗin DVD ɗin, da yawa suna da wani maɓalli da aka rubuta wa N/P. Dannawa ɗaya yake sauya tsarin, kuma yara suna son sa ƙwarai. Gida nawa aka kwana ba kala saboda yaro ya yi wasa da rimot! Shi ma talabijin yana da nasa COLOUR SYSTEM a cikin saitinsa, a bar wannan a AUTO.

Akwai juyin wannan: talabijin da aka sayo a Amurka, da yawansu NTSC kaɗai suka sani, su ne ke ƙin faifanmu. A nan sai a mayar da na'urar NTSC. Kafin ma a kai ga hoto, a karanta takardar da ke manne a bayansa, domin wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. In ba a rubuta cewa yana ɗaukar har 240 ba, aka jona shi kai tsaye, hayaƙi za a gani.

Kada a haɗa wannan da maganar shiyya. Masu fina-finai sun raba duniya shiyya shida, Amurka ta 1, Turai da Saudiyya ta 2, Najeriya da Nijar ta 5. In shiyyar faifai ba ta dace da ta na'ura ba, fim ɗin ba zai tashi ba kwata-kwata, sai dai ta rubuta maka WRONG REGION. Alhazan da ke sayo na'ura mai babban suna a Makka ko Jidda sukan ci karo da wannan. Yawancin masu araha na kasuwarmu ba ruwansu, kowane faifai ci suke, kuma tunda naka ya tashi har ka ga yana gudu, ba ka da wannan damuwar.

Tunda zan tura ka cikin SETUP, bari in ja maka kunne a kan wani wuri guda. Za ka ga PROGRESSIVE ko P-SCAN. In tsohon talabijin ne a gabanka, ko da waya rawaya ka haɗa, kada ka kunna shi. Tsohon talabijin yana zana layi 15,625 a daƙiƙa, shi kuwa wannan ninki biyu yake turowa. Hoton zai rabe biyu ya karkace, ko allon ya yi baƙi ƙirin, a wasu na'urorin ma ramin rawaya daina fitar da hoto yake gaba ɗaya. Abin haushin, saitin da za ka shiga ka kashe shi ba ka ganinsa, ka kulle ɗaki makulli na ciki. In hakan ta faru, cire faifai, ka nemi V-MODE ko VIDEO ko P-SCAN a rimot, ka danna sau ɗaya, ka ƙirga uku, ka sake dannawa, har hoto ya dawo. Masu gaggawa suna dannawa da sauri su wuce daidai ɗin ba su sani ba. In rimot ɗin ba shi da maɓallin, ɗauki na'urar zuwa gidan maƙwabci mai filasma, ka haɗa da waya mai baki biyar, ka shiga ka zaɓi DEFAULT ko RESET.

In na'urarka tana da ramin HDMI, ka huta da duk wannan, waya ɗaya ta ɗauki hoto da murya. Ita ma tana da halinta. Da farko ka tabbatar lambar ramin da ka saka ita ka zaɓa, HDMI 1 ko 2. In ya rubuta NO SIGNAL alhali komai na zaune, to gaisuwar da na'urorin biyu ke yi kafin su yarda da juna ce ba ta kammala ba, wata kariya ce da aka sa don hana satar fim. Zare su duka daga soket, ka jira minti ɗaya, ka kunna talabijin tukuna, sannan na'urar. In ya ce bai gane siginar ba, an sa na'urar a 1080p ne shi kuma bai kai nan ba, danna HDMI ko RESOLUTION a rimot ka sauko 720p ko 576p. Fararen ɗige masu ƙyalƙyali kamar taurari alamar waya ce mai rauni, a canja ta. Amma kada mai shago ya sayar maka da mai tsada da sunan za ta ƙara kala, wayar HDMI ko ta kawo hoton ko ta kasa. Ni kuma a ra'ayina, a gidajenmu da yawanci ba a yi wa wayarin ɗinsu hanyar ƙasa ba, kashe komai kafin ka zare ko ka saka ta. Na ga ramukan HDMI da suka ƙone ta haka, kuma gyaransu ba araha.

Wanda filasmarsa HDMI kaɗai gare ta, na'urarsa kuma waya uku kaɗai, sai ya sayi ɗan akwatin da ke juya siginar. A karanta jikinsa da kyau: AV2HDMI ake so, ba HDMI2AV ba. Kamarsu ɗaya, amma kowanne hanya ɗaya yake bi, kuma sai an ba shi wuta ta wayar USB. Akwai wata waya da ake tallarta, HDMI a kai ɗaya, baki uku a ɗaya kan, babu akwati a tsakani. Kada ka saya. Babu abin da ke juya komai a cikinta.

Wata alamar da ta ragu yanzu amma har yau nakan gani: hoto ya yi haske, ya dushe, ya sake haske, kamar mai numfashi. Wannan na faruwa in an bi da DVD ta cikin tsohuwar na'urar kaset kafin talabijin. Kariyar Macrovision ce da ke jikin faifan asali, an yi ta ne don ta rikita mai kwafa. A haɗa kai tsaye, in kuma talabijin ɗin ramin eriya kaɗai gare shi, akwai ɗan akwatin RF na wannan aikin.

Sai wuta, wadda a ƙasar nan ba a raba ta da kowace matsala. In kana ganin wani faffaɗan baƙin zane yana rarrafe a hankali daga ƙasa zuwa sama, ko hoton yana kaɗawa kamar tuta, fara da zare wayar eriya ko ta dish daga bayan talabijin. In zanen ya ɓace, daga can yake shigowa. In a kan janareta kaɗai yake yi, ko lokacin da NEPA ta kawo mara ƙarfi, to ka san mai laifi, sitabilaiza ce maganinsa. In kuwa kullum yana nan, to kondensoshin da ke allon wutar na'urar sun gaji. Mai gyara na buɗewa zai gan su, 'yan gwangwanaye ne ƙanana, kansu ya kumbura maimakon ya kwanta, wani har ya yi tsatsa a baki. Alamunsu a waje su ne lambobin gaban na'urar su dushe, tire ya riƙa fita da ƙyar, ko sai ta yi minti biyar tana ɗumi kafin ta kama aiki. Kuma ga inda ake cutar mutane: na'urar da wutarta ta yi rauni ita ma NO DISC take rubutawa, don idon ba ya samun isasshen abinci. A canja ido da tsada, bayan sati biyu abin ya dawo, alhali kondensa biyu ko uku ne da ba su kai kuɗin idon ko kusa ba. Duk mai gyaran da ya ce maka ido ne bai auna wutar allon ba, ka ce ya auna a gabanka.

Bayan kala ta dawo, na san ƙorafin da zai biyo baya, cewa hoton ya fi kyau a tsohon talabijin. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya lalace. Hoton DVD ɗigo 720 ne a kwance, 576 a tsaye. VCD kuwa 352 da 288 kacal. Filasma mai 1920 da 1080 dole ta ja wannan ɗan hoton ta baza shi ya cika gilashi, kamar a ce tuwon mutum biyu a raba wa mutum goma. Faifan kasuwa mai fim ashirin a ciki ya fi muni, domin faifai mai shimfiɗa ɗaya gigabait 4.7 yake ɗauka, daidai fim guda mai kyau na kamar awa biyu. Duk abin da aka ƙara a kai, daga jikin hoton aka yanka. Rage SHARPNESS a talabijin, ka ja kujera baya kaɗan. In kuma ka ga amarya a faifan biki ta koma gajera mai faɗi, ko mutane sun zama dogaye sirara, je TV DISPLAY a na'urar ka zaɓi 16:9 don filasma, 4:3 don mai ƙeya. Faifan da aka ɗauka da tsohuwar kyamara kuwa a bar shi da baƙaƙen ginshiƙansa biyu a gefe, haka aka ɗauke shi.

Ranar da idon zai gaji da gaske, ga yadda za ka gane. A cikinsa fitila biyu ce, ja mai nanomita 650 ta DVD, da mai 780 ta CD da VCD. Sau da yawa ta DVD ce ke fara mutuwa, sai ka ga na'ura tana cin sidin karatu da VCD lafiya, amma ta ƙi DVD. Kafin a yanke mata hukunci a goge ta, don ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta makantar da ita. A zare daga wuta, a buɗe, a ɗan jiƙa audugar goge kunne da sifirit kaɗan, a shafa gilashin a hankali, don a kan siraran wayoyi yake lilo, dannawa da ƙarfi karya shi take. Kada a leƙa cikinsa yana kunne. Wasu masu gyara suna murɗa wani ɗan sukurun da ke gefensa su ƙara wa fitilar ƙarfi, ta yi aiki ka biya ka tafi, ba da daɗewa ba ta ƙone gaba ɗaya. Ni ba na yi sai na gaya wa mai kaya. Faifai kuma daga tsakiya zuwa baki ake goge shi da tsumma mai laushi, ba a zagaye ba. Ɗan tsayawa na daƙiƙa guda a tsakiyar dogon fim ba laifi ba ne, faifai ne mai shimfiɗa biyu, ido ke sauka daga ta farko zuwa ta biyu. In akwai faifan da ba za a sake samun irinsa ba, na biki ko na suna ko muryar wani da ya riga mu gidan gaskiya, ka kai a kwafe maka shi a filash tun yana karantuwa, don faifan da aka ƙona a kwamfuta zafi da rana suna cin sa.

Tsohon talabijin ɗin in har yanzu yana aiki a ɗakin yara, ka ga kusurwarsa ta yi shunayya ko kore, duba ko an jingina masa sifika. Maganaɗisun cikinta ne ke jan kalar. Matsar da ita, ka zare talabijin daga wuta kamar rabin awa, ka kunna, zai wanke kansa, wani lokaci sai an maimaita. Amma bayansa kada ka buɗe. Wutar da ke cikin kwalbar ta haura bolt 20,000, kuma tana nan maƙale ko bayan an zare shi daga soket.

In ka gwada zaɓen AV da sauya waya da PAL abin bai gyaru ba, sai ka kai wa mai gyara, amma ka bar filasmar a bango. Ɗauki hoton bayanta da waya yadda rubutun ramukan zai fito, ka haɗa da na'urar, da wayar da kake amfani da ita, da faifan ƙanen naka, da wani faifan da ka san yana yi. Rimot ɗin DVD ɗin kuma ka sa shi a aljihu tun kafin ka sa takalmi, da batir mai rai a ciki. Kusan duk abin da na lissafa da shi ake yi, kuma shi ne abin da kowa ke barowa a gida.